Rigar da Gwaggo Ta Ɓoye a Cikin Kula

Masu cika min akwatin saƙo da tambayar yadda aka kwashe a filin wasa jiya Asabar, ku zauna ku ji. In na gama sai ku gaya min ko ni ce marar kunya, kamar yadda Gwaggo Sela take ta buga waya tana shelanta wa dangi daga nan har Auckland.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Lesieli, a gida Lesi. 'Yan Tonga ne mu, muna zaune a Logan. Shekara uku da suka wuce, lokacin muna Sydney, ƙodojin ƙanwata Losa suka daina aiki. Aka gwada kowa a gidan, tawa ce ta dace, aka cire ta hagu aka dasa mata. Yanzu Losa tana da shekara sha huɗu, tana cin abincin mutum biyu, tana gudu kamar an biyo ta. Ni kuma lafiyata ƙalau, ina aikina a gidan kula da tsofaffi, ina ɗaga ƙattin da suka ninka ni. Abin da ya rage min kawai tabo ne a ƙasan ciki.

To wannan tabon shi ne abin kunyar gidanmu, in ji Gwaggo. Gwaggo Sela yayar Baba ce, kuma a wurinmu abin da yayar uba ta faɗa ya zauna daram. Baba da ya kusa cika ƙofar gareji, in ta yi gyaran murya sai ka ga ya shiga neman takalminsa. Mama kuwa matar ƙane ce, nata ido da girki. Tun da saurayina Feleti ya fara sintiri a gidanmu Gwaggo ta yanke hukunci cewa babu uwar da za ta bar ɗanta tilo ya auri mace mai ƙoda ɗaya, don a iliminta mai ƙoda ɗaya ba ta haihuwa. Na ce mata likita ya ce zan haihu, sai dai a riƙa duba ni.

"Likitan ne zai aure ki?" ta ce.

Don haka labarin da aka aika wa uwar Feleti can tsibirin Vava'u a Tonga shi ne, ƙodar Losa ta wani saurayi Bature ce da ya mutu a hatsarin mota. Ni kuma wai ciwon ciki aka taɓa yi min aiki.

Feleti ya san gaskiya. Da bakina na gaya masa, a cikin motarsa mai warin siminti, tun kafin ya kai ga riƙe hannuna. Ya ce ko rabin ƙoda gare ni yana so. Na ji daɗi har kunnena. Sai ya ƙara da cewa, "Amma ki bari sai bayan biki, kin san tsofaffi." A lokacin na ɗauka lallami ne.

Taron na jiya na yaran da aka yi wa dashe ne, daga ko'ina a ƙasar nan, masu sabuwar ƙoda da hanta da zuciya, su yi tsere da ninƙaya. Masu shirya shi sun raba riguna kala uku. Yaran jiharmu ja mai duhu, iyalan waɗanda suka mutu suka bar gaɓoɓinsu fara, mu da muka bayar muna raye mai ruwan ƙwai. A faretin buɗewa kowane yaro zai shigo riƙe da hannun wanda ya ba shi, in yana raye. Losa ta fi wata tana maganar faretin nan. Ita da ba ta taɓa goge ko ɗankwali ba, da kanta ta goge min rigata ta rataye a bayan ƙofa.

Na fito daga wanka na tarar babu riga. A kan gadona an shimfiɗa doguwar riga shuɗiya mai dogon hannu da siket har ƙasa, irin ta zuwa coci, da kiekie, ɗamarar saƙa da muke ɗaurawa a ƙugu don girmama manya. Gwaggo na zaune a kujerata tana shafa man kwakwa a gwiwar hannu.

"Gwaggo, ina rigata?"

"Ga ta nan a gabanki."

"Mai ruwan ƙwai nake nufi."

"Uwar Feleti ta sauka shekaranjiya, kuma za ta zo filin. So kike ki tarye ta da allon talla a ƙirji? A rubuta mata da manyan baƙaƙe cewa an taɓa yanka ki?"

Na leƙa falo. Baba ya duƙufa yana ɗaure igiyar takalmin da tun ɗazu yake ɗaure. Mama tana jera lu a cikin faranti, ganyen gwaza da naman gwangwani da madarar kwakwa, ba ta ɗago ba. Wayata ta yi ƙara.

Feleti: "Kin tashi, sarauniya? Mama ta ƙagu ta gan ki."

Ni: "Gwaggo ta ɗauke min riga. Losa za ta shiga fareti ita kaɗai."

Feleti: "Yau ɗaya ce, Lesi. Ki daure saboda mu."

Har da hoton zuciya ja ya haɗo min. Na saka shuɗiyar riga, na ɗaura kiekie, na shiga mota. Tun daga Logan har Gold Coast Losa tagar mota kawai take kallo.

Ba zan iya kwatanta muku faretin nan ba tare da raina ya sake ɓaci ba. Yara sun shigo layi-layi, ana kiɗa, ana tafi. Yaron da ke gaban Losa yana riƙe da hannun babansa mai rigar ruwan ƙwai, ta bayanta tana rataye a wuyan kakarta. Ƙanwata kuwa ta shigo tana lilo da hannu babu kowa a ciki, ni ina zaune a kan tabarma cikin kayan coci ina gumi. Da ta zo daidai inda muke, Gwaggo ta miƙe tana ɗaga mata mafici, Losa ta kau da kai.

Ana cikin haka suka iso. Mama Nanasi, uwar Feleti, 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ta naɗe ƙugunta da tabarma mai laushi tun daga ƙirji har gwiwa, da lema a hannu. Feleti na biye da ita da wani ƙaton naɗi a kafaɗa, yana nishi. Ta kama kumatuna, ta haɗa fuskarta da tawa ta shaƙi numfashi yadda tsofaffinmu ke gaisuwa, sannan ta ja baya ta ƙare min kallo.

"Sela, kun iya kiwo. Wannan ƙugun ai na tagwaye ne."

Gwaggo ta washe baki, ta zungure ni da gwiwar hannu. Aka zauna, Mamanmu ta zuba 'otai, kankana da kwakwa mai sanyi, aka buɗe faranti. Ni dai idona na kan naɗin da Feleti ya sauke. Ngatu ne, zanen ɓawon itace da matanmu ke bugawa da hannu su yi masa zane da ruwan ƙasa. Wanda ya kai wannan girman ba a fitowa da shi sai aure ko mutuwa.

Gwaggo ma ta gani. "Nanasi, ai ba a fara maganar biki ba tukuna, kin fara sauke kaya?"

"Ba naku ba ne," in ji tsohuwar. "Tun ranar da kuka aiko min da labarin yaron nan Bature na kasa sukuni. Mutum ya mutu ya bar wa 'yarku rai, a ce babu wanda ya je ya zauna a gaban uwarsa? Na tara matan ƙauyenmu muka buga wannan. Da wace fuska zan shigo gidanku neman aure alhali akwai godiyar da ba a yi ba? Feleti ya ce iyalan mamatan suna zuwa taron nan. Nuna min su."

Na kalli Feleti. Ya ɗauki rogo ya cika bakinsa.

Amsar mai sauƙi ce, kuma ko yaron goye a filin nan ya san ta: a ƙasar nan asibiti ba ya gaya maka wanda ya ba ka, ba ya gaya wa iyalan mamaci wanda ya karɓa. Da Gwaggo ta ce ba mu san su ba, da an wuce wurin. Amma tun da aka haifi Gwaggo Sela ba a taɓa jin "ban sani ba" daga bakinta ba. Ta waiwaya, ta tura leɓe wajen rumfar masu fararen riguna, inda wata Baturiya mai furfura ke tsaye da mijinta, da hoton wani saurayi maƙale a ƙirjinta.

"Ga su can. Amma Turawa ba sa son hayaniya. Ki bari in an tashi sai mu aika musu."

Mama Nanasi ta daɗe tana kallon matar. "Allah sarki," ta ce.

Na jawo waya a ƙarƙashin mafici.

Ni: "Ka yi magana. Yanzu."

Feleti: "Ba za ta je ba. Kwantar da hankalinki."

Aka kira tseren mita ɗari na 'yan mata. Na manta da kowa na ruga bakin shinge, siket na harɗe ni. Aka buga bindiga, Losa ta makara wajen tashi kamar kullum, sannan ta buɗe ƙafa. Yarinyar da na taɓa goyawa zuwa banɗaki don ba ta iya tsayuwa, ga ta tana wuce mutane ɗaya bayan ɗaya. Ta zo ta biyu. Baba ya yi ihun da ya sa wani kare ya ɓuya a ƙarƙashin kujera, ni kuwa kuka nake ina dariya.

A taron nan iyalan mamata ne ke rataya wa yara lambobinsu. Mai lasifika ya kira sunan wadda za ta rataya na wannan tseren, Glenda, mahaifiyar Lachlan. Sai ga matar nan mai furfura ta fito. Na juya wajen tabarmarmu, babu Mama Nanasi, babu naɗi.

Tana tsakiyar fili. Ta sa Feleti ya warware ngatu a kan ciyawa, ya yi ta tafiya har ya kusa taɓa layin tsere. Ta ajiye lemarta, ta zauna dirshan a ƙasa a gaban Glenda, ta sunkuyar da kai, ta fara jawabi da harshenmu. Mutane suka yi tsit, wasu suka ɗaga wayoyi. Da ta kai aya sai ta taɓa ƙafar ɗanta, alamar ya fassara.

Ku ji ni da kyau, don nan ne abin da ya hana ni cin abinci tun jiya. Feleti ya san ƙodar wa ke cikin Losa. Ya ga tabon da idonsa ranar da muka je bakin teku. Ya kalle ni daga nesa, ya kalli uwarsa, ya buɗe baki da Turancinsa mai kyau ya ce, "Mahaifiyata ta ce ta zo ta gode miki, saboda ɗanki ne ya ba yarinyar nan rai."

Glenda ta dafe hoton da ke ƙirjinta. Ta juya ta kalli Losa da ke tsaye a kan dandamali, ba fuskarta ba, cikinta ta kalla.

"Yaushe aka yi mata?" ta ce.

"Shekara uku," in ji Feleti.

"Ross," ta ce wa mijinta, "shekara uku." Ta fara miƙa hannu wajen Losa a hankali. Losa kuwa ta ƙame, hawaye na zuba, don ba a koya mana ƙaryata manya a gaban jama'a ba. Ni take kallo.

Na koma tabarma da gudu ban ma san abin da zan yi ba. Gwaggo ta cafke min hannu.

"Zauna. Ta ji daɗi, mun ji daɗi, wa aka cuta? In kika buɗe baki kin kashe aurenki da kanki."

A nan ne Mama, wadda tun da aka aure ta ba ta taɓa musa wa Gwaggo ba, ta ce ba tare da ta ɗago daga faranti ba, "Lesi, ƙanƙara ta ƙare a kofina. Duba can ƙasan kula."

Na buɗe kula, na tura hannu ƙarƙashin ƙanƙara da gorunan 'otai. Ga rigata a dunƙule, ta jiƙe sharkaf, da jan ruwan kankana a kafaɗa. Haka na zura ta a kan kayan coci. Sanyinta ya ratsa ni har ƙashi, na ratsa fili ruwa na ɗiga daga jikina.

Wurin Glenda na fara zuwa, don ita aka fi zalunta. Na ce, "Ki yi haƙuri. Ba ta ɗanki ba ce. Tawa ce, ni yayarta ce. Tsohuwar nan ba ta sani ba, ƙarya aka yi mata."

Ban taɓa ganin fuska ta mutu a gabana kamar haka ba. Hannunta ya sauka. Mijinta ya riƙe kafaɗarta.

"Na ɗauka na same shi," ta ce a hankali. "Na ɗan lokaci kaɗan, na ɗauka na same shi."

Gwaggo ta ce wa aka cuta. Da ina da iko da na jawo ta da maficinta ta zo ta kalli matar nan. Amma duk da haka Glenda ta share ido, ta ɗauki lambar ta rataya wa Losa, ta gyara mata igiyar a wuya, ta ce mata ta yi gudu mai kyau.

Sannan na durƙusa a gaban Mama Nanasi na faɗa mata da harshenmu. Na ce ƙodata ɗaya, ɗayar tana cikin ƙanwata, ba na jin kunya, kuma in an dawo da jiya zan sake bayarwa. Na ce likita ya ce zan haihu, amma ko da bai ce ba, ba zan ƙara ɓoye ta kamar kayan sata ba. Losa ta diro daga dandamali ta kama hannuna, ta matse shi har ya yi min zafi.

Tsohuwar ta kau da ido daga kaina. Ɗanta ta ɗaga kai ta kalla.

"Ka sani?"

"Mama, so na yi sai bayan..."

"Tambayarka na yi. Ka sani?"

"Na sani."

"Ka sani, ka bar ni na tara mata suna bugun itace har hannuwansu suka kumbura. Ka sani, ka ɗauko min kaya a kafaɗa. Ka bar ni na zauna a ƙasa gaban matar da ta binne ɗanta, ka ara min bakinka na yi mata ƙarya da shi." Ba ta ɗaga murya ba ko kaɗan. "Je ka karɓo min wuƙa a wurin surukar da ba ka samu ba tukuna."

Ya je ya dawo da wuƙar da Mama ke yanka rogo. Mama Nanasi ta bi layin zanen ta yanke wani babban yanki na ngatu, ta naɗe, ta rarrafa ta ajiye a ƙafar Glenda. Wannan karon ni ta taɓa in fassara. Ta ce wannan na ban haƙuri ne, kuma na ɗanta ne, don ko ba a cikin 'yarmu yake ba, yana cikin 'yar wasu, su ma da sun san hanya da sun zo. Glenda ta rungume naɗin ta fashe da kuka, tsohuwar ta riƙe mata gwiwa har ta lafa.

Sauran kuwa, wanda ya fi yawa, ta sa Losa ta taya ta naɗewa, ta ɗora min a hannu.

"Don mai ƙoda na kawo, ga shi ya isa hannun mai ƙoda. Maganar jikoki ki bar wa Allah, ni ma ɗaya ya ba ni da ƙodojina biyu, kin ga kuma irin wanda ya ba ni." Ta ɗauki lemarta. "Maganar aure, ba wurin Sela zan je ba. Gobe bayan coci wurinki zan zo, ki gaya min da bakinki ko har yanzu kina son wannan da na haifa."

A mota Gwaggo ta zage ni tun daga Gold Coast har ƙofar gida. Wai na zubar mata da mutunci, na mai da ita maƙaryaciya a gaban Turawa. Losa ta kwantar da kai a kafaɗata mai warin kankana, lambarta na cikin tafin hannuna.

Yanzu Lahadi ce, mun dawo daga coci. Ngatu na kan gadona ya cinye rabin ɗakin. Saƙonnin Feleti sun taru tun jiya, na ƙarshen ya ce, "Tsoron rasa ki ne ya sa, Lesi. Duk don ke na yi." Na karanta shi na sake karantawa, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, har yanzu in na ga sunansa gabana na faɗuwa. Amma duk sanda na fara rubuta amsa sai in ga hannun Glenda yana sauka. Tun da muka fara, fargabata ita ce ko za su karɓe ni da ƙoda ɗaya. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko ni zan iya zama da mutumin da zai kalli uwar mamaci ya yi mata ƙarya da murya mai daɗi ba.

Ɗazu Gwaggo ta sake shimfiɗa min shuɗiyar rigar, ta ce in saka in fito in ba mutane haƙuri ko a ceto abin da ya saura. Tana cikin magana Baba ya shigo daga bayan gida da rigata mai ruwan ƙwai, ya ciro ta daga igiyar shanya, jan kankanar bai gama fita ba. Ya wuce ta gaban yayarsa, ya miƙo min.

"Ta bushe," ya ce, ya fita da sauri kafin Gwaggo ta sami bakin magana.

Ita ce a jikina yanzu da nake rubuta muku. Ga ƙarar motar Feleti mai warin siminti ta tsaya a ƙofar gida, Losa ta leƙa ta taga ta ce su biyu ne a ciki. Na ce ta je ta shigo da tsohuwar, ta gaya wa direban ya jira a mota.